Akawal ɗinmu ba mahaukaci ba ne (zare 🧵)

1/
Tun jiya ake turo mani bidiyon Akawal ɗin kawuna ya tirje a bakin kwalbati nan Ƙaura, wani yaro na zabga masa dorina, mutane na shewa. Har da masu cewa a sayar da shi ga masu kai dawaki kudu a yanka. To ku zauna, yau sai mun yi ta.

2/
Ni na tashi da dokin nan. Harawa da dusa da kanwa, da hannuna nake ba shi kafin in tafi jami'a Gusau. Na san halinsa. Ba ya son leda tana tashi a iska. Ba ya son a zo masa ta baya. In ba a ɗaure tunkiyar gidan kusa da turkensa ba, ba zai ci komai ba, sai haniniya har asuba.

3/
Amma wallahi ranar da ya so gudu, ku tambayi duk wanda ya ga sukuwar bayan sallah. Rami ko kututture, tsallakewa yake kamar ba ƙasa yake takawa ba. Dokin da kuke kira mahaukaci shi ne kuka ɗauka a waya kuna ta kuwwa.

4/
Abin da bidiyon bai nuna maku ba: yaron aron dokin ya yi don kilisa, ya ɗaure linzami tamau har bakin ya fashe, ya sa ƙaimi ba ji ba gani. Da aka dawo da shi, jini ne a kumfar bakinsa. Kai in aka sa maka ƙarfe a baki ana fizga, tsalle za ka yi?

5/
Kuma doki ba ya ganin abin da ke daf da hancinsa, haka ma abin da ke bayansa kai tsaye. Idanunsa a gefe suke. Kafin ya tsallake rami sai ya sauke kai ya auna shi. Ka fizge masa kai sama, ka ce ya yi tsalle a makance, ya ƙi. Waye marar hankali a nan?

6/
Masu cewa "ai doki sai da duka", ku leƙa Ingila. Grand National, tseren tsallake shinge 30 a Aintree kusa da Liverpool. A 1967 Foinavon ya ci, dokin da ba wanda ya sa wa rai. Akuya ce abokiyar zamansa a barga, har wurin tsere ake tafiya da ita. Ba wanda ya ce aljanu gare shi.

7/
Red Rum ya ci sau 3: 1973, 1974, 1977. Ciwon ƙafa gare shi, sai mai horar da shi ya riƙa kai shi gudu bakin teku a Southport. Dabara, ba dorina ba. Yanzu ma a ƙasar an ƙayyade: bulala 7 a tseren tsallake, ka wuce a hukunta ka.

8/
Kada wani ya ce mani al'adar Turawa ce. Me ya sa fadojinmu suke da Shamaki? Don doki amana ne, ana naɗa mutum musamman ya kula da barga. Tsofaffin mahaya na Zurmi da Shinkafi, kafin su ɗora sirdi sai sun shafa wuya, sun yi wa dokin magana. Mu ne muka zo da hawan burga don TikTok.

9/
Na yarda, akwai haɗari. Doki mai tutsu ko tabarya na iya karya mutum, ya bi ta kan yara. Amma maganin shi ne kar a ba kowane gaja aro, kar a yi sukuwa cikin lungu. Duka tsoro yake ƙara masa, kuma doki mai tsoro shi ke kisa.

10/
Ku duba halin da muke ciki. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ranar Alhamis ta kasuwa, da addu'a ake binta. Gonaki da yawa ba sa nomuwa, harawa ta yi tsada, gidaje nawa suka sayar da dawakinsu? 'Yan kaɗan da suka rage kuma mu nakasa su don bidiyon sakan 30?

11/
Kawu ya ce ba aro daga yau, ko ɗan wa ne. Akawal na turkensa, ana wanke masa baki da ruwan gishiri, tunkiyarsa na gefe. Ba na sayarwa ba ne, ku daina kira.

12/
Wanda ya ɗora bidiyon, don Allah ka sauke. In kuma za ka bari, ɗora har da hoton bakinsa. Ina da shi, in turo maka?