Waƙoƙin Da Suka Fi Kwanta Mini A Rai

An daɗe ana gardama tsakanin dattawa da samari a kan al'amarin waƙa. Dattawa suna cewa tun ranar da Alhaji Mamman Shata ya rasu, cikin 1999, waƙar Hausa ta bi shi kabari. Samari kuwa suna ganin kalangu da kotso kayan jiya ne, zamani ya riga ya wuce su. Ni a nawa ra'ayi, duka ɓangarorin biyu suna awo da mudun da bai dace ba. Abin da ke sa waƙa ta zauna mini a zuciya shi ne ta ɗauko wani mutum ta tsayar da shi a gabana, har in san shi kamar mun zauna gari ɗaya, ko da wane irin kayan kiɗa aka yi ta.

Bari mu fara daga fada. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Isa, makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Wanda duk ya saurari Bakandamiyarsa zai ji yadda ake saƙa magana da Sakkwatanci tsantsa, kowane ɗa na waƙar yana komawa ga gindinta ba tare da tuntuɓe ba. Ban taɓa ganin wannan sarki ba, amma ta bakin Narambaɗa na san kwarjininsa, na kuma san yadda ake zambo ga ɗan sarkin da ke hangen gadon da ba nasa ba.

Daga fada sai fagen dambe. Ɗan Anace ya ɗauki Shago, ɗan damben da ba shi da rawani ba shi da sarauta, ya yi ta wasa shi har sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Yau 'yan damben wancan zamani da yawa an manta da su, amma Shago yana nan, domin ya sami makaɗi.

Wadda ta fi duka taɓa ni kuwa ita ce waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015. Da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ya bayyana wahalar yaron mota, wanda kowa ke aike, ba kuwa mai tambayar ko ya ci abinci. Bayan jin wannan waƙa, da wuya mutum ya shiga tasha ya sake duban yaron nan da idon raini. Haka nan Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu cikin 2013, ta yi wa matan cikin gida da kiɗan ƙwarya na amada. Ta faɗi zaman kishi yadda yake, ta kuma gargaɗi mata su riƙi sana'a, tun kafin hukuma ta fara kafa ma'aikatu domin wannan magana.

Kada mai karatu ya zaci na tsaya ga mutanen da kaɗai. Cikin mawaƙan fiyano ina jin daɗin Aminu Ladan Abubakar, wato Ala, musamman waƙarsa ta Jami'a, wadda ta ba ɗalibi matsayin da Ɗanmaraya ya ba karen mota. Wannan ya isa shaida cewa laifin ba na fiyano ba ne.

To, amma akwai abin dubawa. Mafi yawan waƙoƙin da ke fitowa yanzu ba su wuce abu biyu ba, ko soyayya ko yabon ɗan siyasa. Ba a ƙi soyayya ba, yabo kuwa tun asali shi ne abincin makaɗi. Sai dai ina mawaƙin mai tura ruwa? Ina na malamin firamare, da mai gadi, da macen da ke suyar ƙosai a bakin hanya? Al'ummar da talakanta ya rasa mai yi masa waƙa ta yi asarar da ba ta gani, domin nan gaba jikokinmu za su san sunayen masu mulki kurum.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatan gidajen rediyonmu da hukumomin raya al'adu su kula da tsofaffin faya-fayai da kasakasan da ke ajiye, a juye su cikin na'urorin zamani kafin zafi da ƙura su cinye su. Ɗalibai kuma, musamman masu nazarin Hausa, su zauna su rubuta waɗannan waƙoƙi tun dattawan da ke iya fassara kalmominsu suna raye. Mawaƙan yau kuwa su waiwayi tasha da kasuwa da gona, akwai mutane a can masu jiran a kira sunansu.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba na baya basira.