Sarki Rumfa Bai Taɓa Cin Barkono Ba



A shekarar 1492 Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano. Sarki ne mai dukiya da ƙasaita, fatake na zuwa masa daga ƙetaren Sahara, ga malamai irin su Shehu Magili suna sauka a birninsa. Amma duk da wannan mulki, akwai abubuwan da ɗan aji ɗaya yake saye da kuɗin tara a bakin makaranta waɗanda Rumfa bai taɓa sa su a baki ba. Bai ci gasasshiyar masara ba, bai ci rogo da ƙuli ba, bai san gyaɗa ba. Ba a taɓa zuba masa barkono ko tumatir a miya ba. Gwanda da abarba kuwa ko a mafarki. Ba rowa aka yi masa ba, babu su ne kwata-kwata a Afirka da Turai da Asiya. Dukkansu amfanin gonar nahiyar Amurka ne, kuma a ranar 12 ga Oktoban wannan shekara ne jiragen Kiristofa Kolombus suka isa gaɓarta.

To me kakanninmu suke ci? Gero da dawa da acca da wake da kuɓewa da kuka da riɗi da gujiya. Idan ana son miya ta yi yaji, ga masoro, ga kimba, ga citta. Wani abin dariya shi ne dankalin da muke kira na Hausa, don mu bambanta shi da na Turawa, shi ma baƙo ne. Duka biyun daga Amurka suka fito. 'Yan gida na ainihi su ne rizga da tumuku, waɗanda yanzu sai an sha wuya ake samunsu a kasuwa.

Kolombus ba masara ya fita nema ba. A wancan zamani kayan yaji na Indiya da tsibiran gabas, irin su kanumfari da kirfa, sai sun bi hannun fataken Musulmi zuwa Masar da Sham, sannan 'yan kasuwar Italiya su saya su kai Turai, kowa na ɗora ribarsa. Turawan Fotugal da na Sifen suka ƙudura sai sun kai ga tushen kayan da kansu. 'Yan Fotugal suka riƙa lallaɓawa ta gaɓar Afirka. Sun gina sansanin Elmina a ƙasar Gana ta yau a 1482 saboda zinariya, a 1488 suka zagaya ƙarshen kudancin Afirka, a 1498 Vasco da Gama ya isa Indiya. Shi kuwa Kolombus ya ce tunda duniya a mulmule take, zai miƙe yamma ya ɓullo gabas.

Za ku ji ana cewa mutanen lokacin sun ɗauka duniya a shimfiɗe take kamar faifai, shi ne ya ƙaryata su. Wannan tatsuniya ce. Masana sun san siffar duniya tun zamanin Girkawa. Abin da suka yi jayayya da shi a kai shi ne nisa, kuma su ke da gaskiya. Kolombus ya dogara da ma'aunin wani masanin taurari Musulmi mai suna Alfargani, amma ya ɗauki mil na Larabawa a matsayin mil na Rumawa wanda bai kai shi tsawo ba, sai duniya ta ƙanƙance a takardarsa. A lissafinsa tsakanin tsibiran Kanari da Japan bai kai kilomita 5,000 ba, alhali ainihin nisan ya ninka haka sau huɗu. Da babu wata nahiya a tsakani, da shi da mutanensa kusan 90 ƙishirwa da yunwa sun gama da su a teku. Masu raina darasin lissafi sai su kula.

Da ya sauka a ɗaya daga tsibiran Bahamas ya ɗauka gefen Indiya ne, shi ya sa ya kira mutanen wurin Indiyawa, sunan da ya bi su har yau. A nan ina da ja da littattafan da ke cewa ya "gano" Amurka. Wurin da miliyoyin mutane ke zaune da gonakinsu da biranensu da sarakunansu, ta yaya za a ce an gano shi? Abin da ya faru shi ne ɓangarori biyu na duniya da suka rabu fiye da shekara 10,000 sun haɗu, kuma daga ranar ba su sake rabuwa ba. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Alfred Crosby, shi ya raɗa wa abin da ya biyo baya suna a 1972: musayar Kolombus.

Kalmar musaya tana iya sa ku ɗauka ciniki aka yi, kowa ya tashi da riba. Ba haka ba ne. A tafiyarsa ta biyu a 1493 Kolombus ya koma da jirage 17 ɗauke da dawaki da shanu da aladu da alkama da rake, waɗanda duk babu su a can. Amma kayan da suka fi yin tasiri babu wanda ya san yana ɗauke da su. Agana, ƙyanda, mura, daga baya kuma zazzaɓin cizon sauro da shawara. Mutanen Afirka da Turai da Asiya sun daɗe suna fama da waɗannan cututtuka, wanda ya yi agana yana yaro ya tashi ba ya sake yi. Mutanen Amurka kuwa jikinsu bai taɓa haɗuwa da su ba, don haka idan cuta ta shiga gari sai ta kwantar da yaro da babba lokaci guda. Babu mai ɗebo ruwa, babu mai girki, babu mai girbi. Wanda cutar ta bari sai yunwa ta ƙarasa shi.

Ku ɗauki misalin Tenocititilan, babban birnin daular Aztek, inda birnin Meziko yake a yau. An gina shi a tsakiyar tafki, kuma ya fi kowane birni na Sifen yawan jama'a a lokacin. Hernan Cortes ya sauka ƙasar a 1519 da 'yan ɗaruruwan sojoji. A 1520 agana ta ɓarke a birnin, ta kashe har da sarkin da ke jagorantar yaƙi. A watan Agusta na 1521 birnin ya faɗi. Ana yawan ba da labarin kamar bindiga da doki ne suka yi aikin, amma ban da cuta akwai dubban mayaƙan ƙabilun yankin, musamman mutanen Tilaskala, waɗanda suka gaji da mulkin Aztek suka mara wa baƙi baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka aka yi a daular Inka da ke Feru, inda Francisco Pizarro da mutum ƙasa da 200 suka kama sarki Atawalpa a 1532, a daidai lokacin da daular ke fitowa daga yaƙin basasa tsakanin 'ya'yan sarki biyu. Masana tarihi da yawa sun ƙiyasta cewa cikin shekara 150 na farko, mutum takwas zuwa tara cikin kowane goma na 'yan asalin nahiyar sun ƙare, ta hanyar cuta da yaƙi da aikin tilas.

Nan ne labarin ya juyo kanmu. Turawa sun mallaki ƙasa mai faɗi wadda rake ke yi sosai a cikinta, ga sukari na tsada a Turai, amma masu aikin sun mutu. Noman rake kuwa aiki ne mai kashe mutum: a sare, a kai matsa cikin gaggawa kafin ruwan ya lalace, a dafa dare da rana. Sai suka juyo Afirka. Daga farkon shekarun 1500 zuwa wajen 1860 an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa, waɗanda suka sauka da rai ba su kai miliyan 11 ba. Birazil kaɗai ta karɓi kusan huɗu cikin kowane goma. Kuma gaskiya ɗaya ce, akasarin waɗannan mutane ba Bature ne ya shiga daji ya kamo su ba. Sarakuna da 'yan kasuwa na Afirka ne suka kai su gaɓar teku suka karɓi bindigogi da tufafi da wuri da barasa. Mai saye yana da laifinsa, mai sayarwa ma yana da nasa.

Har da Hausawa a cikin waɗanda aka kai, musamman a farkon ƙarni na 19 lokacin da yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasar Hausa. A jihar Bahiya ta Birazil hukumomi sun bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, wasu tawayen suka biyo baya. A 1835 kuma bayi Musulmi, mafi yawansu Yarabawa, suka yi babban bore a birnin Salbado cikin watan azumi, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Har yau a titunan wannan birni mata na soya wake da aka niƙa a cikin manja suna sayarwa. Suna kiransa akaraje. Ƙosai ne.

Jiragen da suka kwashe mutane su ne suka kawo iri. 'Yan Fotugal sun kawo rogo daga Birazil zuwa yankin Kongo tun ƙarni na 16, kuma da garin rogo da masara ake ciyar da bayi a cikin jirgi. Rogo mai ɗaci yana da guba, 'yan asalin Amurka ne suka gano yadda ake gurza shi, a matse, a soya har gubar ta fita. Wannan dabara ta ƙara yaɗuwa a gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi suka dawo daga Birazil zuwa garuruwa irin su Legas. Wato garin kwakin da ke ceton 'yan makarantar kwana idan kuɗi sun ƙare, fasahar mutanen dajin Amazon ce. Yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya.

Masara kuwa sunanta ma ya isa labari. Mutanen kudancin Meziko ne suka fara nomanta wajen shekara 9,000 da suka wuce. Masana harshe da dama na ganin sunan ya samo asali ne daga Masar, wato dawar Masar, abin da ke nuna cewa ba ta teku kaɗai ta shigo mana ba. Daga Sifen ta yaɗu a ƙasashen Bahar Rum, sannan ta biyo ayarin fatake da alhazai ta sauko kudu. Tumatir shi ya makara, sunansa ma ta bakin Ingilishi muka karɓa, su kuma asalin kalmar daga harshen Aztek ta zo musu.

Gyaɗa ce ta fi ba ni mamaki. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta tarar manomanmu sun saba da gujiya mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, don haka ba ta yi musu baƙunta ba. Da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, Turawan mulki auduga suka so a noma musu, amma manoma da 'yan kasuwa suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba ana iya cin ta. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Yajin tsire ma, idan kuka cire ƙuli da barkono, me ya rage?

Ba mu kaɗai ba ne. Dankalin Hausa ya shiga ƙasar Sin ta tsibiran Filifin a shekarun 1590, shi da masara suka ba da damar noma tuddan da shinkafa ba ta yi, kuma suna cikin dalilan da suka sa jama'ar ƙasar ta ninka a ƙarni na 18. A Ayalan talakawa sun dogara kacokan kan dankalin Turawa, da wata cuta ta kama shi a 1845 mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da haka suka yi ƙaura. Indiyawa da ake yi wa kirari da cin yaji, su ma 'yan Fotugal ne suka kai musu barkono.

Ga ɗan aiki kafin mu sake haɗuwa. Ku rubuta duk abin da aka sa a abincin daren gidanku yau, tun daga tuwo har kayan miya, ku raba shi gida biyu: wanda Rumfa zai gane da wanda ba zai gane ba. Wanda ke da kaka a gida ya tambaye ta yadda ake miya a ƙauyensu kafin tumatirin gwangwani. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu hau dutsen Fotosi na ƙasar Bolibiya, inda aka gano azurfa a 1545, mu ga yadda ta bi teku har ta ƙare a kasuwannin Sin.