Lambun makaranta a Maiduguri: ruwa da mai kula ne kasafin ke mantawa

Kiran a mayar da yara ga noman lambu ya sake ƙarfi tun da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci a watan Yulin 2023, uwargidansa kuma ta biyo baya da gasar lambu a kowane gida. Kiran ba sabo ba ne, domin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ma ya sa makarantu sun buɗe gonaki. Abin da ya bambanta Maiduguri shi ne irin yaran da ke cike da azuzuwanta.

Da yawansu 'ya'yan manoma ne daga Bama da Gwoza da Konduga da Marte, waɗanda rikicin Boko Haram ya koro cikin birni. Wasu an haife su a sansanonin gudun hijira irin na Bakassi, wanda gwamnatin jihar ta rufe a ƙarshen 2021. Yaron da a da zai koyi shuka da cira da ban-ruwa a bayan mahaifinsa ya taso bai taɓa riƙe fartanya ba, fita gona kuma sai da zullumi, musamman bayan kisan manoman shinkafa na Zabarmari a Koshebe, a watan Nuwamban 2020. A nan darajar lambun makaranta take: fili ne cikin katanga inda za a iya miƙa wa yaro sana'ar gidansu ba tare da fargaba ba.

Sai dai jami'an da ke rubuta takardun shiri a Abuja kan ɗora wa lambun nauyin da ba zai iya ɗauka ba. 'Yan komaye na alayyahu da yakuwa da kuɓewa ba za su ciyar da makaranta mai ɗalibai dubbai ba. Ba kuma za su maye gurbin shirin ciyar da 'yan firamare ba, wanda aka fara a 2016 kan naira 70 ga kowane yaro a rana, aka kuma dakatar a watan Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Iyakarsu su ƙara ganye a miya, su zama ajin koyarwa.

Babbar matsalar ita ce kalanda. Daminar Maiduguri gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, tsakiyarta kuwa ta faɗa cikin dogon hutu. Lokacin da ruwan sama yake kyauta, makaranta a kulle take. Yara na dawowa, ruwa na ɗaukewa. Ke nan duk lambun makaranta a wannan birni noman rani ne, wanda ke yin kyau da sanyin hunturu, ya kuma ƙone a Afrilu da Mayu sa'ad da zafi ke haura maki 40, in har babu ban-ruwa safe da yamma. Makarantar da ɗalibanta ke layi a kan famfo ɗaya don sha da alwala ba ta da ragowar da za ta zuba wa tumatir. Dogaro da wutar gwamnati ma ba dabara ba ce, ganin yadda birnin ya shafe watanni cikin duhu bayan an tarwatsa turakun layin Damaturu a 2021. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki, da shingen da zai hana awaki shiga, su ne ainihin kuɗin lambu. Iri da fartanya, waɗanda aka fi ɗauka a hoto ranar ƙaddamarwa, su ne mafi araha a ciki.

Ambaliyar 10 ga Satumban 2024, da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau, ta ƙara dagula lissafin. Ruwan ya ratsa makarantu ɗauke da ƙazantar masai da magudanai, don haka ƙasar da za a shuka latas a kanta tana bukatar gwaji tukuna.

Ƙwararru dai ba su yi wa birnin ƙaranci ba. Akwai Jami'ar Maiduguri, da Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, da Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, uku daga cikinsu na tarayya ne. Gwamna Babagana Zulum kansa farfesa ne a fannin injiniyancin noma. Hukumar UBEC kuma ta sha ware wani kaso na tallafin da take ba jihohi don koyar da noma. Abin da takardun kashe wannan kaso ya kamata su nuna, kafin wani darakta ya sa hannu, shi ne inda ruwa zai fito, da sunan malamin da ke da alhakin lambun, da alawus ɗin wanda zai yi ban-ruwa a ranakun hutu. A sansanoni da unguwannin birnin akwai iyayen yaran, tsofaffin manoman rani da ba su da gona a yau, kuma ɗaukar ɗaya daga cikinsu a kowace makaranta bai kai kuɗin bikin ƙaddamarwa guda ba.