Darasin da na ɗauko a bakin tekun Kwatano

Shekara ashirin ke nan ina koyarwa a Matamaye. Kowace shekara nakan zana taswirar Afirka ta Yamma a allo, in shafa alli shuɗi a ƙasanta, in ce wa yara wannan shi ne tekun Atlantika. Su maimaita, su kwafa a littafi. Da ni da su babu wanda ya taɓa ganinsa, tunda Nijar ba ta yi iyaka da teku ba. Sai a babban hutun 2022, kafin a rufe iyakarmu da Benin, ƙanena da ke kasuwanci a Zongon Kwatano ya matsa in kawo iyali. Muka bi ta Maraɗi da Doso, muka ƙetare gadar Gaya zuwa Malanville, muka gangara ta Parakou. Kwana uku muka yi a hanya.

Ranar Lahadi ya kai mu bakin teku a Fidjrossè. Iyalai sun cika wurin, wasu a rumfunan bunu, wasu a inuwar kwakwa, masunta kuma suna jan koma a gefe. Autana, ɗan shekara bakwai a lokacin, yana ganin ruwa ya kwasa a guje. Ƙanena ya cafke hannunsa, ya juyo ya ce mini: "Yaya, wannan ruwan idan ya zo gaɓa, da ƙarfi yake komawa. Ko babba yana iya ja." Bai hana yaron wasa ba. Ya nuna masa iyakar da zai tsaya, inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ya kuma tsaya kusa da shi har muka tashi. Da na duba sai na ga haka yawancin iyayen suke yi: yaro yana wasa, babba yana tsaye, idonsa a kansa.

Tun a hanyar dawowa nake tunanin garinmu. Teku dai ba mu da shi, amma hutunmu na Yuli zuwa Satumba a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da kowane ramin da aka haƙa don yin tubali yake cika ya zama kududdufi. Nan ne bakin tekun ƴaƴanmu. Iyaye suna gona, makaranta a rufe, yara su tuɓe su faɗa ruwan da babu wanda ya san zurfinsa, ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa. Wane ne a cikinmu bai taɓa zuwa gaisuwar yaron da ruwa ya ci ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka nutse a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa a ruwa. Ranar tana zuwa daidai lokacin da kududdufanmu suke cika, amma takan wuce mu shiru.

Na san abin da iyaye da yawa za su ce: a hana su zuwa, wanda ya je a zane shi. Ni ma haka aka yi mini, kuma ban fasa zuwa ba, sai dai na koyi ɓoyewa. Bulala tana korar yaro daga kududdufin bayan gida zuwa na bayan gari, inda idan ya yi ihu ba mai ji. Wanda kuma ya ga abokinsa yana nutsewa yakan ji tsoron duka, ya ƙi faɗa da wuri.

Shawarata ga malamai ita ce, kafin a rufe makaranta a watan Yuni, mu ware awa guda don maganar ruwa. Yaro ya san ba a shiga shi kaɗai, ba a tsalle cikin ruwan da ba a ga ƙasansa ba. Idan wani yana nutsewa, kada ya bi shi ciki. Ya yi kururuwa, ya miƙa masa doguwar sanda, ko ya jefa masa jarka fanko mai murfi. Iyaye kuma su zauna da mai unguwa a tantance ramukan da suka fi haɗari, a cike su ko a kewaye su da ƙaya. Inda ruwa bai da zurfi, a samu manyan da suka iya iyo su riƙa karɓa-karɓa wajen tsaron yara da la'asar, su koya musu. Limamai su taimaka da tunatarwa a huɗuba. A cikin gida ma a rufe randa da bakin rijiya, domin mai rarrafe ruwan bokiti ya ishe shi.

Duk wannan ba ya bukatar kuɗin mota zuwa Kwatano. Kwalbar ruwan gishirin da muka ɗebo tana nan a ajina, yara suna ɗanɗanawa suna yamutsa fuska. Idan sun gama dariya, sai in ajiye ta, in tambaye su kududdufi nawa ne tsakanin makaranta da gidajensu. Bara wata yarinya ta ƙirga guda huɗu. Allah Ya tsare mana su, mu ma mu tsaya a kansu.