Gyaran Gida Ko Gyaran Gangar Auzinawa?

Duk wanda ya tashi a cikin tsohon birni irin Zariya ko Kano ko Katsina, ya san cewa da zarar wani ɗan gida ya samu abin hannunsa, abin farko da jama'a ke zuba ido su gani shi ne ya gyara gidan iyayensa. Wannan abu ne mai kyau, babu mai ja. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da muke nufi da kalmar gyara. A wurin yawancinmu, gyara shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti, a kware rufin soro a buga kwano, a manna tayil a ƙasa, a bi da fenti mai ɗaukar ido, shi ke nan sai a ce gida ya zama na zamani. Ni kuwa a nawa ganin, mai karatu, yawancin irin wannan aiki gyaran gangar Auzinawa ne. Kuma ba da ka nake wannan magana ba, a gidanmu na gani.

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, kakanmu ne ya gina shi da tubali, ya rufa da azara. Kaurin bangon daga ƙasa ya kai yaro ya kwanta a kai. A ranin shekarar 2021 babban wana ya tara 'yan kuɗinsa ya ce zai fitar da mu kunya. Aka kawo birkiloli da kafintoci, cikin mako shida aka yi wa gida filasta ciki da waje, aka sauke rufin ɗakuna biyu aka buga kwano, aka malale tsakar gida da siminti. Ni kaina da na dawo hutu daga makaranta har hoto na ɗauka ina nuna wa abokai. Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, wato wani tsohon magini maƙwabcinmu wanda shi ke yi mana yaɓe tun muna yara. Ya tsaya ya dubi bangon ya girgiza kai, ya ce wa Yaya, "Yaro, ƙasa da siminti ba sa zaman aure." Yaya ya yi dariya ya ce, "Baba, zamani ne ya zo da haka." Muka ɗauka tsoho yana kishin an raba shi da abincinsa ne.

Damina biyu kacal aka yi, sai ya zamana in ka ƙwanƙwasa bangon za ka ji yana amsawa kamar ganga. A damina ta uku, cikin watan Agusta, wani dare bayan ruwa ya kwana yana zuba, filastar bangon ɗakin Inna ta ɓallo gaba ɗaya, ta taho da kusan rabin bangon. Da gari ya waye muka tarar ƙasar da ke bayan simintin ta jiƙe sharkaf, ga gara ta yi gida a ciki. An yi sa'a Inna tana ɗaya ɗakin a daren.

Dalilin abin ba boyayye ba ne ga wanda ya tsaya ya yi tunani. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, daga ƙasa da kuma daga iska, in rana ta fito kuma ya fitar da shi ya bushe. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita da sauƙi. Bugu da ƙari, yadda ƙasa ke kumbura da tsukewa saboda zafi da laima daban ne da na siminti, don haka ba a daɗewa filastar ke tsagewa. Ta wannan 'yar tsaga ruwa zai shiga, amma ba shi da hanyar fita. Sai bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali daga waje yana sheƙi. Da can in bango ya zaizaye kowa na gani, a kira magini ya cike. Yanzu mun rufe ciwon da farar riga, ba mu san halin da ake ciki ba sai ranar da ya zube. Simintin da muka malala a tsakar gida shi ma ya ƙara dagula lamarin, domin an yi shi ne ba tare da an karkata shi zuwa rariya ba, sai ruwa ya riƙa kwanciya a gindin bango.

Magabatanmu ba su jahilci wannan ba. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da jar ƙasa a shafe bango ko a yi daɓe. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima, da dafara, a shafe rufin soro don kada ya yi yoyo. Suna da indararo mai tsawo wanda ke wurga ruwa nesa da bango. Azarar giginya kuwa gara ba ta cika iya mata ba. Da irin waɗannan kaya Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajajen shekarun 1830, wanda har yau masu nazarin gine-gine ke zuwa kallon bakan gizonsa. Ka tambayi ɗan shekara ashirin a unguwarmu mene ne laso, ka ga yadda zai dube ka.

Sai batun kwano. Duk wanda ya taɓa kwana a soro cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Arewa, ya kuma kwana a ɗakin kwano marar silin, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Bango mai kauri da rufin ƙasa suna jinkirta shigar zafin rana, sai ɗaki ya kasance da sanyi da tsakar rana. Kwano kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya sauke maka a ka. Tun da aka yi gyaran nan Inna ta daina barcin rana a ɗakinta, ta koma gindin bishiyar darbejiya, in an ɗauke wuta kuwa fanka ta zama kayan ado. Mun kashe kuɗi mun saya wa tsohuwa gumi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake yi kowa ya koma ginin ƙasa ba, kuma ban manta da wahalarsa ba. Yana buƙatar yaɓe kusan duk shekara, makuba ta yi wuyar samu, maginan da suka iya aikin sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun koma acaba da kasuwa. Mata su ke fama da sharar ƙasar da ke zubowa daga rufi. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba, wato kunya. Saurayi ba ya son a kawo masa amarya ɗakin ƙasa, dangin amarya ma sai sun yi tsegumi. Wannan kunyar, fiye da yoyo ko gara, ita ce ke sa mu gaggawar shafa siminti. Wanda ke da hali ya rushe ya yi sabon gini da bulo bisa harsashi mai kyau, ba ni da ta cewa. Da wanda zai gyara tsohon gida nake, mai 'yan kuɗi ƙalilan, musamman ganin cewa a farkon shekarar 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama.

Irin wannan mutum, shawarata ita ce ya fara da ruwa kafin komai. Ya zagaya gidansa ana tsakar ruwan sama, ba bayan an ɗauke ba, ya ga inda ruwa ke sauka da inda yake taruwa. Ya gyara indararo, ya buɗe rariya, ya karkata tsakar gida yadda ruwa zai nufi kwata. A unguwanni da yawa an yi ta cike titi har ya fi gidaje tudu, irin wannan gida sai an ɗaga dokin ƙofa. In akwai inda siminti ke da amfani a ginin ƙasa, to a ƙasa ne, wato a yi dakali mai gangara a kewaye gindin bango don ya kore ruwa. Jikin bangon kuwa a bar shi da yaɓen da ya dace da shi, in ana son haske a bi da farar ƙasa.

In kuma dole sai an buga kwano, to a yi shi da hankali. A bar bakinsa ya zarce bango sosai don ya zame masa laima, a sa silin, a bar kafofin da iska mai zafi za ta fita tsakanin silin da kwano. Wannan ba sabon abu ba ne. Francis Kéré, ɗan ƙasar Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a shekarar 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwanon sama da ginin yadda iska ke ratsawa ta tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a fagen zanen gine-gine. Abin da muke jin kunyarsa, shi wani ya ɗauka ya gyara har duniya ta tafa masa.

Wani abin da ya zama yayi shi ne tsaga banɗaki a cikin ɗaki. Yana da daɗi, musamman ga tsofaffi da dare. Amma bututun ruwa a cikin bangon ƙasa haɗari ne, domin ɗigo kaɗan da ba a gani ya isa ya kayar da bango. Gara a gina banɗakin da bulo a jingine da ɗakin, a bar bututun a fili inda ido zai gan shi. A kuma lura da inda za a haƙa ramin masai, domin galibi masana kiwon lafiya na ba da shawarar a nisanta shi da rijiya da kamar mita 30, abin da gidajen cikin birni da yawa ba su da filinsa. Na san gidan da aka yi banɗaki mai tayil har rufi, bayan shekara guda rijiyar gidan ta daina shayuwa.

Zaure kuwa, don Allah a ƙyale shi. Na ga gidaje da dama da aka mayar da zaure shago ko aka rushe shi aka sa get na ƙarfe. Kuɗin haya na shigowa, gaskiya ne, amma yanzu baƙo na tsayawa a titi cikin rana yana buga waya a fito, maigida ba shi da wurin cin tuwo da maƙwabta, kuma da an buɗe get duk mai wucewa yana hango tsakar gida.

Mu dai a gidanmu, bayan bangon ya faɗi, Yaya da kansa ya je ya durƙusa gaban tsohon maginin nan. Baba bai ce masa komai ba, illa ya ce a nemo masa jar ƙasa da yara biyu masu kwaɓa. Ya tayar da bangon, ya sa aka kankare filastar da ta rage a ɓangaren gabas, inda ruwa ya fi duka. Sauran ɓangarori uku har yanzu suna nan da simintinsu, domin Yaya ya ce ba zai iya kallon a farfashe kuɗinsa gaba ɗaya ba. Duk lokacin da na je hutu nakan bi su ina ƙwanƙwasawa, kuma na arewa ya fara amsawa.