Rigakafin Infuluwenza a Yauri, Ngaski da Shanga: A Fara da Ma'aikatan Lafiya

A harshenmu kalma ɗaya ce, mura, take ɗauke da cututtuka biyu masu nisa da juna. Akwai murar yau da kullum, mai toshe hanci ta wuce cikin mako guda zuwa kwana goma. Akwai kuma infuluwenza, wadda ke afka wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi da busasshen tari, ta kuma iya gangarawa huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ta biyun tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara. Kakanninmu sun ɗanɗana ta a annobar 1918, wadda ta shigo ta Legas ta bazu har Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta hallaka kusan mutum 500,000 a Najeriya.

Ra'ayina shi ne ya kamata gwamnatin Jihar Kebbi ta riƙa kai allurar rigakafin wannan cuta kyauta, sau ɗaya a shekara, ga ma'aikatan lafiya, ta kuma fara da na gaɓar Tafkin Kainji.

Tun da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya sake fasalin ƙasar Yauri. Dubban mutane aka tasa daga gungaye da ƙauyukan bakin kogi aka sake musu matsuguni. Har gobe akwai garuruwa a Ngaski da Shanga da Yauri waɗanda kwalekwale ne hanyarsu mafi sauƙi zuwa babban asibitin Yelwa ko na Wara. A irin waɗannan wurare, ƙaramin asibiti kan dogara ne da mutum ɗaya ko biyu. Shi ke awon ciki, shi ke yi wa jarirai rigakafi, shi ke gwajin maleriya. Idan infuluwenza ta kwantar da shi mako guda, an rufe asibitin ke nan. Idan kuwa ya daure ya fito, kamar yadda yawancinsu ke yi don tausayin jama'a, to tarinsa zai sauka a kan mai juna biyu, jariri, tsoho da mai ciwon suga, wato waɗanda cutar ta fi yi wa illa. Wani abin lura shi ne mutum na iya yaɗa ƙwayar cutar kwana guda kafin shi kansa ya ji alamarta. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ma'aikatan lafiya cikin rukunin farko na waɗanda ya kamata a yi wa allurar.

An saba jin ƙorafin cewa ma'aikatan ne ba sa son allura. Kafin a yanke wannan hukunci, a tuna cewa rigakafin infuluwenza ba ya cikin jadawalin rigakafin da gwamnatin Najeriya ke bayarwa kyauta. Mai so sai ya neme shi da kuɗinsa a manyan birane. Ma'aikaciyar jinya da ke Shanga ba za a ce ta ƙi abin da ba a taɓa miƙa mata ba. Duk da haka, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai tunanin da ya kamata ma'aikatan su gyara. Na farko, ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya, har ma bayan gwaji ya nuna babu ita. Na biyu, zaton cewa wanda ya daɗe cikin marasa lafiya jikinsa ya riga ya ƙeƙashe. Ƙwayar infuluwenza tana sauya kama a kai a kai, shi ya sa ake sabunta haɗin allurar sau biyu a shekara, a Fabrairu don arewacin duniya, a Satumba don kudancinta. Garkuwar bara ba lallai ta yi aiki bana ba. Na uku, tsoron cewa allurar ce ke kawo cutar. Allurar da ake yi a dantse ba ta ɗauke da rayayyiyar ƙwaya. Ciwon hannu da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu alama ce ta jiki yana haɗa garkuwa, aikin da kan ɗauki kimanin mako biyu.

Mai adawa zai ce: a jihar da maleriya, ƙyanda, kwalara da sanƙarau ke ci gaba da ɗaukar rayuka, me ya kai mu ga mura? Zai ƙara da cewa allurar ba ta da cikakken tabbaci, domin a shekarar da ta dace da nau'in da ke yawo tana rage haɗarin kamuwa ne da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Duka gaskiya ne. Amma abin da ake nema a nan ba yi wa al'ummar jiha baki ɗaya ba ne. Ma'aikatan ƙananan hukumomi uku ba su da yawa, sunayensu na cikin takardar albashi, firijin ajiye rigakafin yara kuma yana nan. Kuma wanda zai yaƙi maleriyar da ƙyandar shi ne dai wannan ma'aikacin. Kare shi kare sauran ayyukan ne.

Akwai riba ta biyu. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karon farko a Afirka, kuma bayan nan ne Najeriya ta kafa cibiyoyin sa ido kan infuluwenza, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Maris 2021, da rigakafin korona ya iso, ma'aikatan lafiya aka fara yi wa, sai dai ƙasar ba ta da gogaggen tsarin yi wa baligai rigakafi, aka shiga rajista da lallashi cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar da ta saba kai allura ga ma'aikatanta duk shekara, har cikin gungaye, ta riga ta share hanyar da za ta bi ranar da wata annobar ta ɓullo.

Sai batun amana. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, ko ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Uwar da ke shakka ba ta karanta rahoto, fuskar malamar asibiti take kallo. Malamar da za ta iya cewa ita ma an yi mata allura a bana ta fi kowace sanarwar rediyo tasiri.

Matakan ba su da wuya. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar ta sa kuɗin a kasafinta, ta nemi shawarar NCDC kan watan da ya fi dacewa, tunda a ƙasashe masu zafi cutar kan yi yawo kusan duk shekara. A kai allurar wurin aiki, a yi bayani, kada a tilasta. A kuma ba wanda ke zazzaɓi da tari damar hutawa a gida tare da turo mai riƙe masa asibiti, domin muddin babu madadi, zai ci gaba da fitowa aiki da cutar a ƙirjinsa.