A Ware Mana Kwamfuta Ɗaya

Makon jiya an kori wani ɗan ajinmu daga ɗakin kwamfuta saboda ya canza hoton allo da launin rubutu. A ganina ba a kyauta ba. Bai ɓata komai ba, minti ɗaya ya isa a mayar da ita yadda take.

Da irin wannan ƙiriniyar ake koyo: yau launi, gobe rubuta manhaja. Shi kansa Linux ɗalibi ne ya fara shi, Linus Torvalds, a ƙasar Finlan a 1991, don sha'awa kawai. Har yanzu 'yan sa-kai na taya gyara fuskarsa.

Malam, a bar mana ko da tsohuwar nan ta lungu ce mu yi gwaji. Idan ta rikice, mu za mu gyara.